Na ji sauƙi na ajiye magani, yanzu jinin ya dawo

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 27, ina zaune a Funtuwa. Shekara biyu ke nan da wani likita ya leƙa hanjina da na'ura ya ce ina da gyambon babban hanji, wanda suke ce wa kolaitis. Kafin nan na yi wata da watanni ina zawo da jini da majina, ana ta ba ni maganin atini da na basir. Ya ɗora ni a kan prednisolone na ɗan lokaci, da mesalazine na sha sau uku a rana, da wani na cusawa ta dubura. Cikin wata biyu na murmure kamar ban taɓa ciwo ba. Na cusawar dai, gaskiya sau biyu na yi na ajiye, don kunya da ƙyama. Na shan kuma da tsada ta yi yawa na koma raba ƙwaya biyu, ina tsallake kwana. Wata biyar da suka wuce na bari gaba ɗaya, domin uwar mijina ta ce ƙwayoyin ne suka sa na yi ɓari bara, kuma su ne suke hana ni samun wani cikin. Ta kawo min jiƙon basir ina sha. Yau sati uku jinin ya dawo, ina shiga bayi sau huɗu zuwa biyar a rana. Na sayi prednisolone a kemis, in na ji dama-dama in tsaya, in ya motsa in koma. Ina jin nauyin komawa wurin likitan, don duk zuwan da na yi ce masa nake ina sha. Maigida ma ya fara cewa wannan wane irin magani ne da ba ya ƙarewa. Anti, haka zan ƙare rayuwata da ƙwaya? Kuma da gaske yana hana haihuwa?

Baiwar Allah, daga Funtuwa

Wa alaikis salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya kuma musanya miki abin da kika rasa bara da mafi alheri.

Tambaya biyu kika yi, kuma zan zo kansu. Amma abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki kin faɗe shi ne can ƙasa kamar ba komai ba, wato prednisolone ɗin da kike saya a kemis kina sha kina tsayawa. Jikin mutum yana da nasa irin wannan sinadari, wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda ne suke samar da shi. Idan aka jera makonni ana shan na waje, sai su rage aiki tunda ana kawo musu a shirye. Ranar da aka yanke shi kwatsam kuwa, jiki ya rasa na waje ya rasa na gida, sai kasala da jiri da amai, jini ya yi ƙasa, wani har suma. Shi ya sa likita yake rage shi kaɗan-kaɗan, yawanci cikin kamar sati takwas. Ga shi kuma ba maganin zama ba ne. Ɗan gida ɗaya ne da wanda wasu mata ke sha don su yi ƙiba, wanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, kuma in aka daɗe a kansa yana kumbura fuska, yana jawo ciwon suga da hawan jini, yana cinye ƙashi. Yana kwantar da ciwon da ya tashi, amma ba ya hana shi sake tashi.

Akwai kuma wani haɗarin da ya shafe mu nan ƙasar musamman. Ba duk jinin da mai kolaitis ta gani a bayi ne na kolaitis ba. Atini irin na ƙwayar amiba, wanda ake ɗauka a ruwa da abinci, kamanninsa ɗaya da ciwonki: jini, majina, murɗar ciki. Idan shi ne aka kuma ɗora masa prednisolone, ƙara masa ƙarfi aka yi, har yana iya huda hanji. Don haka duk lokacin da ciwon ya motsa ake fara auna bahaya kafin a ce ga abin da za a sha. Ki je wurin likitanki cikin kwana ɗaya ko biyu, da kwalin a hannunki, ki faɗa masa ƙwaya nawa kike sha da ranar da kika fara. Kafin ki isa kada ki ƙara yawansa, kada kuma ki yanke shi da kanki in kin jera kwanaki kina sha. Idan shiga bayin ya kai sau 6 a rana da jini, kuma ga zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko jiri in kin miƙe, ko cikin ya kumbura yana ciwon da ba ya lafawa, to ba maganar jiran ranar ganin likita ba ce, a kai ki asibiti a ranar ko da tsakar dare ne. Ke da kike kan huɗu zuwa biyar ba ki da nisa da wannan layi. Ki kuma nisanci maganin tsayar da zawo a wannan hali, domin yana iya sa hanjin ya daina motsi ya kumbura.

Sai maganar nauyin da kike ji. Na fahimce shi, amma ki dubi abin da ɓoyewar za ta jawo. Likita yana aiki ne da abin da kika faɗa masa. A katinki an rubuta kina shan mesalazine kullum. In kin koma da jini kika sake cewa kina sha, abin da zai fahimta shi ne maganin ya gaza, sai ya hau da ke mataki na gaba. Mataki na gaba shi ne irin su azathioprine, mai rage ƙarfin garkuwar jiki, wanda sai ya yi wata biyu zuwa uku kafin a ga aikinsa, kuma sai ana ɗibar jini a kai a kai ana duba hanta da ƙwayoyin jini. Gaba da shi akwai irin su infliximab da ake ƙarawa ta jijiya duk sati takwas, wanda tsadarsa ta ninka ta wanda kike kuka da shi nesa ba kusa ba, kuma ba a fara shi sai an tabbatar ba ki ɗauke da tarin fuka ko ciwon hanta a ɓoye, don yana iya tayar da su. Magunguna ne masu amfani ga wanda ciwonsa ya kai nan. Ke kuwa babu wata shaida da ta nuna kin kai, tunda ƙaramin maganin ya yi miki aiki lokacin da kike shan sa. Kada kunyar minti biyu ta sa a ɗora miki kayan da ba naki ba.

Kuma ba za ki ba shi mamaki ba. Wannan abu ne da likitocin hanji suke yawan gani a duk duniya, har a inda kuɗin magani ba shi ne matsala ba. A birnin Chicago na Amurka an bi masu irin ciwonki su 99 waɗanda ciwon ya lafa musu, aka wallafa sakamakon a 2003. Ba bakinsu aka tambaya ba, takardun karɓar magani aka duba. Waɗanda ba sa karɓar aƙalla kashi 80 cikin ɗari na abin da aka rubuta musu, an samu haɗarin dawowar ciwon a wurinsu ya ninka na masu sha fiye da sau biyar. Ki shiga ki ce, "Likita, na daina sha wata biyar ke nan, ga dalilaina." In ya yi faɗa ya yi, ki bar shi ya gama, sannan ku yi maganar abin da za ki iya.

To, haka za ki ƙare rayuwa da ƙwaya? Ba zan rufe ki ba. Kolaitis ba ƙwayar cuta ce ta shiga cikinki da za a kashe a huta ba, kuma ba a ɗaukar sa daga wani, ba ya bin kwano ko bayi. Garkuwar jikinki ce take far wa fatar cikin babban hanji, ta kumbura ta har ta yi gyambo tana zubar da jini. Yana farawa daga can ƙasa wajen dubura ya yi sama, wani ya tsaya kusa, wani ya mamaye hanjin duka. Halinsa ne ya tashi ya kwanta. Zuwa yau babu ƙwayar da ke raba mutum da shi har abada, abin da ake da shi shi ne wanda ke kwantar da shi ya kuma riƙe shi a kwance, wani lokaci shekara da shekaru. Mun saba da maganin zazzaɓi, a sha kwana uku a jefar da kwali, shi ya sa hankali ba ya son karɓar maganin da ake sha alhali ana jin garau. Amma lafiyar da kika samu watannin nan aikin maganin ce kike gani. Mai ɗakin soro da yake yaɓe duk shekara bai ga yoyo ba, ba zai ce tunda ba ya yoyo na bar yaɓe ba. In ya bari, daminar farko ƙila ya sha, ta biyu kuwa sai ya kwana tsaye da kwanuka. Naki ya ɗaga miki ƙafa wata huɗu, abin da ya ruɗe ki ke nan.

Saboda haka amsar ita ce: ki ɗauka abokin tafiya ne na dogon lokaci. Abin da ke canzawa shi ne yawansa. Wanda ake sha lokacin da ciwo ya tashi ya fi na lokacin da ya lafa, kuma in aka daɗe lafiya, gwaji ya nuna hanjin ya warke daga ciki, likita yana iya ragewa. Na ce daga ciki, domin jini yakan tsaya tun kumburin bai gama sauka ba. Akwai gwajin bahaya da ke nuna ragowar kumburin, akwai kuma leƙawa da na'ura irin wadda aka yi miki. Dalilin da ya sa ake damuwa da wannan ragowar shi ne, hanjin da ya yi shekaru yana kumbure ya fi fuskantar ciwon daji, musamman in ciwon ya mamaye wuri mai yawa. Ba don in tsorata ki na faɗa ba, mafi yawan masu kolaitis ba sa kaiwa can. Amma shi ya sa ake so a sake leƙa hanjin idan an yi kamar shekara 8 da fara ciwon, ko da ana jin lafiya. Ki rubuta shekarar da naki ya fara ki adana.

Yanzu bari mu duba abubuwan da suka sa kika gaji, don kowanne yana da mafita, kuma na fi son mu daɗe a nan.

Sau uku a rana wahala ce, na rana shi ake fara mantawa: ana tsakiyar girki, ko an tafi biki, ko ga baƙi ba a son a ga ana haɗiyar ƙwaya. An gwada an gani cewa mesalazine in aka haɗa na yini aka sha lokaci ɗaya, aikinsa bai gaza na rarrabawa ba wajen riƙe ciwon. Ki roƙi likita ya mayar miki sau ɗaya, sannan ki ɗaura shi da abin da ba kya fashinsa. Ki ajiye kwalin inda kike ajiye sallaya da carbi, kina sallame asuba ki sha, kafin yara da hayaniyar gida su taso. Ki sa wayarki ta riƙa ƙara a lokacin. In kin manta ki sha sa'ad da kika tuna, in kuma lokacin na gaba ya kusa ki bar wanda ya wuce, kada ki haɗa biyu. Ranar da kika buɗe katin ƙarshe ita ce ranar neman wani, ba ranar da ya ƙare ba, tunda ba kowane kemis ke ajiye shi ba.

Raba ƙwayar da kike yi kuwa asarar kuɗi ce, ba tattali ba. Shi wannan magani ba ta jini yake bi ya je hanji ba, sai ya taɓa fatar hanjin da kansa yake aiki. Shi ya sa yawancin ire-irensa aka lulluɓe su da wani ɓawo da ba ya narkewa a tumbi, sai ya gangara can ƙasa inda ciwon yake. Kina sa wuƙa ko haƙori kin fasa ɓawon, sai ya narke tun a sama, jiki ya tsotse shi, abin da zai isa wurin gyambon bai taka kara ya karya ba. Haka kuma in mai kemis ya ce babu irin naki amma ga wani "duk ɗaya ne", ki tambayi likita ko ƙwararren mai haɗa magani tukuna, domin kamfanoni sun bambanta a inda ɓawon nasu yake buɗewa.

Sai na cusawa, wanda kika yi sau biyu kika ajiye. Na san abin da nauyi, ba tarbiyyarmu ba ce. Amma ki tuna ciwon daga ƙasa yake farawa, kuma nan ne ƙwayar da aka haɗiya take isa a ƙarshe, bayan ta rage ƙarfi. Wannan jin kamar za ki yi bahaya ki je ki tsuguna ba abin da ya fito sai majina da ɗigon jini, daga nan wurin yake, kuma na cusawa ya fi na sha saurin kwantar da shi. Haɗa su biyun ya fi kowanne shi kaɗai. Da dare ake sa shi, lokacin kwanciya, bayan kin zaga. Ki wanke hannu, ki kwanta ta gefen hagu ki naɗe gwiwar dama, ki ɗan jiƙa bakinsa da ruwa, ki tura shi da yatsa har ya wuce ƙofar, ki yi kwanciyarki. Kwanakin farko za ki ji kamar zai fito, ki daure, ko awa ɗaya ya zauna ya yi wani abu, kuma riƙewar tana sauƙi yayin da kumburin ke sauka. Ki shimfiɗa tsohon zani don yakan ɓata kaya. Da zafin bazara yana narkewa a cikin ledarsa, sai ki ajiye shi wuri mai sanyi, ko gindin randa ne, in ya yi laushi ki tsoma shi a ruwan sanyi da ledarsa kafin ki ɓare. Ba wanda ya san kin yi sai ke da Mahaliccinki.

Tsada gaskiya ce, ba zan ce miki ba komai ba. Daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, kuma tun 2023 da darajar naira ta faɗi kowa ya ji a jikinsa. Abin da nake so shi ne ki faɗa wa likita ƙarfin aljihunku ƙarara, domin akwai tsohon magani mai suna sulfasalazine, wanda wata likita a Suwidin ta samar tun wajajen 1940, kuma shi ne asalin mesalazine ɗin, a cikin hanji yake rabewa ya saki sinadarin da ke aikin. Ya fi araha sosai, kuma yana riƙe ciwon. Yana da nasa hali: wasu yana sa su ciwon kai da tashin zuciya, shi ya sa ake farawa da kaɗan bayan cin abinci, yana mayar da fitsari ruwan ɗorawa, wanda ba abin tsoro ba ne, kuma ba a ba mai rikicewa da magungunan salfa irin su Septrin. Akwai kuma wani rashi na gado a ƙwayoyin jini da ake kira G6PD, mai yawa a Afirka ta Yamma, wanda in mutum na da shi maganin zai iya farfasa masa jini, don haka a auna kafin a fara. Magani mai araha da za ki sha kullum ya fi mai tsada da za ki sha rabi. In maigida ma'aikaci ne, ya bincika ko inshorar lafiyarsa ta ƙunshi wani abu daga ciki, ko da gwaje-gwajen ne. Mai shan mesalazine ana duba masa ƙoda lokaci-lokaci, aƙalla sau ɗaya a shekara, kada ki tsallake wannan don tsimi.

Tambayarki ta biyu. A'a, mesalazine ba ya hana ɗaukar ciki, kuma yana cikin magungunan da likitoci ke barin mai ciki da mai shayarwa a kansu. Macen da kolaitis ɗinta yake kwance, ba a kuma yi mata aikin cire hanji ba, damar haihuwarta kusan ɗaya ce da ta sauran mata. Abin da ke barazana ga ciki shi ne ciwon da yake a tashe: jini yana zuba, jiki ba ya riƙe abinci, kumburi yana yawo a jiki. Shi ne aka sani yana ƙara haɗarin ɓari, da haihuwar bakwaini, da jariri maras nauyi. Wadda ta ɗauki ciki ciwon yana tashe, sau da yawa haka yake ci gaba ko ya ƙaru har ta haihu, wadda ta ɗauka yana kwance kuwa yawanci haka yake zama a kwance. Shi ya sa ake son a samu wata uku zuwa shida cikin lafiya kafin a nemi ciki. Wato abin da Hajiya, uwar mijinki, take nema miki, ajiye maganin nesanta shi yake yi. Ɓarin bara kuma ki sauke shi daga wuyanki. Ɓari a watannin farko abu ne mai yawa ko ga mata masu cikakkiyar lafiya, kuma galibi daga yadda halittar ta haɗu ne tun farko.

Akwai dai magungunan wannan ciwo da ba sa haɗuwa da ciki ko kusa, babbansu methotrexate, wanda ke nakasa ɗan tayi, sai an daina shi da watanni kafin a ɗauka. Don haka ki faɗa wa likita kina neman haihuwa, tun kafin ya ɗora alƙalami. In sulfasalazine aka koma, ana haɗa shi da folic acid mai ɗan yawa fiye da na sauran masu ciki, domin yana rage shigarsa jiki. A auna jininki ma, mai zubar da jini sati uku ba ta rasa ƙarancinsa, kuma gara a gyara kafin ciki ya zo ya ƙara nasa. Idan ciwon ya kwanta kuka yi shekara ba labari, ku je a duba ku, ke da maigida duka.

Jiƙon basir ki dakata da shi. Da yawa daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗe masu wanke ciki ne, ana sa musu irin su filasko, a ga an yi zawo a ce dattin ne yake fita. Hanjin da ke da gyambo ba ya buƙatar abin da zai ƙara murɗa shi. Kuma tunda muna maganar abin da ake sha ba da sanin likita ba: magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da Feldene, waɗanda ake miƙa wa kowa don ciwon mara ko ciwon baya, suna iya tayar da kolaitis. Paracetamol ya fi miki. Flagyl da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ma kada ki sha sai gwaji ya nuna akwai abin kashewa.

Hajiya ba maƙiyiyarki ba ce, jika take so, kuma a saninta duk jinin da ya fito ta ƙasa basir ne. Ba ke za ki yi musu da ita ba, ba zai yi kyau a bakinki ba, kuma ba za ki ci riba ba. Wannan aikin ɗanta ne. Shi kuma ba zai iya ba sai ya fahimta da kansa, don haka ki roƙe shi ya raka ki wannan zuwan, ya shiga ɗakin likita tare da ke, ya yi tambayarsa ta "magani ba ya ƙarewa" a can. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta ki ce masa, "Maigida, ina so ka ji daga bakin likita, don in ka ji ni ma hankalina zai kwanta." Namiji yakan ɗauki magana daga likita wadda ba zai ɗauka daga matarsa ba, haka abin yake ko mun so ko mun ƙi. A nan zai ji lissafin da bai yi ba: kuɗin ƙwayar wata-wata a gefe guda, kuɗin gado da ƙarin ruwa da ƙarin jini da jigilar kai abinci asibiti a ɗaya gefen. In ya gamsu, shi zai san yadda zai ce wa mahaifiyarsa likita ya ce maganin ne zai gyara wa cikin wurin zama. In ta sake kawo jiƙo ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ce likita ya ce a dakata da komai sai an gama gwaji, wanda kuma gaskiya ne.

Ba ki tambayi azumi ba, amma na san zai zo, kuma nan ne mutane da yawa suke sakin magani. In ciwon yana kwance, sau ɗaya a rana ya warware matsalar: ki sha da sahur ko bayan buɗa-baki, na cusawa kuma da ma na dare ne. In yana tashe kamar yanzu, kina zawo kina zubar da jini, to kina cikin marasa lafiyar da aya ta 184 da ta 185 ta Suratul Baƙara suka yi wa rangwame su rama a wasu kwanaki. Ki tambayi likita tun ana saura wata guda, ki kuma tambayi malami.

Ranar zuwa asibiti ki zuba duk abin da kike sha a leda ɗaya, har da ragowar ƙwayoyin da kika raba da gorar jiƙon. Daga yau ki sami takarda ki riƙa rubuta sau nawa kika zaga, da jini ko babu, da ko ya tashe ki cikin dare, don da wannan likita zai auna nauyin ciwon. Ki rubuta tambayoyinki ma a bayan takardar, na sau ɗaya a rana, da na mai araha, da na haihuwa, domin layi yana da tsawo kuma in aka shiga gaban likita kai yakan ɗauke.